Inda Ji Ya Kori Gani: Darasin Sayen Keke a Ƙasar Gobir

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amuran duniya maganar tana kan hanya. Amma akwai ciniki guda da wannan karin magana ke iya kai mai saye ta baro shi, wato cinikin keke. Sabon fenti yana ɓoye tsaga, sabon sirdi yana rufa wa tsohon ƙarfe asiri, ƙyalƙyalin madubi da ƙararrawa kuma suna ɗauke hankali daga inda lalacewa take. Abin da dillali ba ya iya ɓoyewa na dogon lokaci shi ne ƙarar da keke ke yi idan an hau shi, an ɗora masa kaya, an taka feda da ƙarfi.

A Burkusuma da ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Keken da ya dace da yankin shi ne wanda mai gyara na cikin gari zai saurari kukansa ya gane ciwon, ya kuma samu maganin a kasuwa mafi kusa. Duk keken da ya gaza wannan sharaɗi, komai kyansa da tsadarsa, asara ce mai jiran ranarta. Maganar ta fi shafar 'yan yankin da ke aiki a Sakkwato, Kano da Abuja, domin sau da yawa su ke biyan kuɗin, su ke zaɓa, alhali wani ne zai hau.

Abin da ya juya lissafi

Burkusuma tana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, dab da iyakar Nijar. Ƙasar Gobir ce, wadda bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 mutanenta suka sake kafa sarautu a Tsibiri, wadda yanzu ke cikin jihar Maraɗi, da kuma Sabon Birni. Iyakar da Turawa suka shata daga baya ta ratsa tsakanin dangi, gonaki da kasuwanni, don haka zirga-zirgar gajeren zango ita ce jinin rayuwar wurin. Tun farkon shekarun 2000 babur ya karɓe wannan aiki daga hannun keke da jaki. Babura masu sauƙin kuɗi daga Sin da Indiya sun cika kasuwa, fetur yana da arha, keke kuwa ya koma abin hawan yara da marasa hali.

Abubuwa uku suka rushe wancan lissafi. Na farko shi ne tsaro. 'Yan bindiga sun mai da babur abin hawansu na yaƙi, sai hukuma ta fara kallonsa da zargi. A watan Satumbar 2021, watan da aka kai wa sansanin jami'an tsaro hari a Burkusuma, gwamnatin jihar Sakkwato ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Sabon Birni da Isa. A 2022 gwamnatin tarayya ma ta bayyana cewa tana duba yiwuwar hana hawa babur a ƙasa baki ɗaya. Ban da wannan, sabon babur dukiya ce da ke jawo idon ɓarayin daji.

Na biyu shi ne fetur. Tun a Nuwambar 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Na uku shi ne iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowane rufewa ya taɓa farashin kaya da hanyoyin da suke bi su iso.

A irin wannan hali keke yana da hujja mai ƙarfi. Ba ya shan mai, ba ya cikin abin da dokokin taƙaita babura suka hana, kuma a ƙasa mai tauri yana ninka saurin mai tafiya da ƙafa sau uku. Maiduguri ta riga ta nuna haka, domin bayan an hana babura a birnin a 2011 kekuna sun cika tituna. Sai dai akwai bambanci guda. Wanda sarƙarsa ta tsinke a cikin birni zai tura kekensa zuwa inuwar mai gyara. Wanda tasa ta tsinke bayan la'asar a hanyar Gatawa ko ta Isa, yana da buhu a kan kariya, magariba za ta same shi inda babu mai son ta same shi. A nan ingancin keke ya wuce batun jin daɗi.

Kuskuren saye da ido

Dattawan ƙasar Hausa sun san Raleigh, keken birnin Nottingham na Ingila, wanda har masana'anta kamfaninsa ya kafa a Kano. Bayansa Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka shigo. Waɗannan kekuna kusan zubinsu ɗaya ne: firam na baƙin ƙarfe, wili mai inci 28, birki na sandar ƙarfe, giya ɗaya tak. Suna da nauyi, ba su da ado, amma suna da wata baraka da ba a cika lura da ita ba. Saboda zubin ɗaya ne, mafi yawan kayan wannan suna shiga wancan. Mai gyara da sifana biyu, guduma da gwangwanin giris yana iya warware keken gaba ɗaya ya mayar, kuma ilimin ya bi hannu daga maigida zuwa yaronsa tsawon zamani.

Kekunan gwanjo da ake sauke su a tashoshin ruwa irin na Kwatano, Lome da Legas, daga Turai, Amurka da Japan, wani labari ne daban. Da yawansu kekuna ne masu inganci, an ƙera su da kyau, amma don wata ƙasa da wasu shagunan gyara. Sarƙar keke mai giya bakwai a baya ba ta yi wa mai giya goma, domin faɗinsu ya bambanta. Cire faifan haƙoran baya na buƙatar makulli na musamman, kuma makullin wannan kamfani ba lalle ya buɗe na wancan ba. 'Yar ƙarfen da ke riƙe na'urar sauya giya a jikin firam kowane samfuri da irin tasa. Birki mai aiki da mai, idan ya yi yoyo, ba a gyara shi da waya. Tayoyi kuwa akwai inci 26, akwai 27.5, akwai 29, kuma ba a sa ɗaya a madadin ɗaya.

Ga yadda asarar ke faruwa. Ma'aikaci a birni ya ga keke mai ƙyalli, mai giya ashirin da ɗaya da abin rage girgiza gaba da baya, ya saya wa ƙanensa ɗalibi ko baffansa manomi da kyakkyawar niyya. Wata biyu keken yana tafiya lafiya. Rannan wata kara ta shiga na'urar sauya giya ta lanƙwasa ta, sarƙa ta fara tsalle. Mai gyara ya duba ya ce sai an aiko da kayan daga Sakkwato ko Kano. Kafin a samu mai zuwa, kafin a samo wanda ya dace, keken ya koma jingine a zaure, kaji suna kwana a kansa. Ba mugun keke aka saya ba. An dai saya wa Gobir keken da iyayen gidansa ke wata nahiya.

Yadda ƙarfin ƙafa ke isa ƙasa

Kafin a fahimci ƙara sai an san inda take fitowa. Ƙafa tana taka feda. Feda tana ɗaure a hannun ƙarfe, hannun kuma yana ɗaure a wata gajeriyar sanda da ke juyawa a kan boris cikin gindin firam. A jikin hannun dama akwai babban faifai mai haƙora. Sarƙa, wadda masu gyara ke kira cen, tana ɗaukar ƙarfi daga wannan faifai zuwa ƙaramin faifan da ke jikin wilin baya. A cikin ƙaramin faifan akwai 'yan harsunan ƙarfe da ke kama wili idan ana takawa, su sake shi idan an daina. Wannan tsari bai sauya sosai ba tun da Hans Renold ya ƙirƙiro irin wannan sarƙa a Manchester a 1880, John Kemp Starley kuma ya fito da keken Rover a 1885. Idan sarƙa tana da tsabta da mai daidai, sama da kashi 95 cikin 100 na ƙarfin da aka zuba yana isa wili. Ƙara alama ce ta cewa wani kaso na wannan ƙarfi yana tafiya wajen cin ƙarfe.

Babban maƙiyin wannan tsari a ƙasar Gobir shi ne rairayi. Da hunturu ƙura ce mai laushi da ke shiga kowace kafa, da damina kuma laka ce ta fadamun gulbin Rima. Al'adar da aka saba ita ce a kwarara wa sarƙa baƙin man inji har ya riƙa ɗiga. Ƙara takan yi shiru nan take, mai keke ya ji daɗi. Amma man da ke bayan sarƙa ba ya aikin komai sai kama yashi, kuma yashi da mai idan suka gauraya sun zama dutsen wasa wuƙa. Inda ake buƙatar mai shi ne cikin gaɓoɓi. Hanyar da ta fi ita ce a wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, a juya feda baya sau da yawa, sannan a goge bayan sarƙar da tsumma har ta kusa bushewa. Man gyaɗa da manja ba su da wuri a nan, domin suna daskarewa su zama danƙo.

Tambayoyi uku da kunne ke amsawa

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara da sifana. Yana fara da tambayar yaushe ƙarar ke fitowa. Idan tana nan ko an daina taka feda, to a duba wili: birki na gogar sa, ko wayoyinsa sun saki, ko boris ɗin tsakiyarsa ya mutu. Idan kuwa sai ana takawa take fitowa, ciwon yana tsakanin feda da ƙaramin faifai. Idan tana ɓacewa da zarar mahayi ya miƙe tsaye a kan feda, sirdi ne ke kuka, kuma noti ɗaya zai kashe maganar. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji a baya lokacin gangara ba cuta ba ce, harsunan nan ne ke aikinsu. Ranar da suka yi shiru gaba ɗaya, feda kuma ta fara zarcewa ba ta kama wili, ranar ce ta damuwa.

Tambaya ta biyu ita ce sau nawa take maimaituwa. Ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyin feda, kuma a wuri ɗaya, tana nuni ga feda, hannunta, boris ɗin gindi ko babban faifai. Wadda ke zuwa duk bayan juyi biyu zuwa uku gaɓar sarƙa ce guda da ta ƙage, domin tsawon lokacin da gaɓa ke ɗauka ta kewayo ke nan. Ana gano ta idan aka juya feda baya a hankali ana kallon inda sarƙa ke tasowa daga kan ƙaramin faifai. Wadda ke bin saurin taya, tana ƙaruwa idan an yi gudu, ta wili ce.

Tambaya ta uku ita ce irin sautin. Ƙiii-ƙiii mai kama da kukan tsuntsaye sarƙa ce ta bushe. Ƙaras-ƙaras kamar ana tauna tsakuwa yashi ne a cikin boris, ko kuma sarƙa an ɗame ta fiye da kima. A keke mai giya ɗaya ya kamata tsakiyar sarƙa ta iya motsawa sama da ƙasa kimanin santimita ɗaya, kuma a auna a inda ta fi ɗamewa, saboda babban faifai ba ya taɓa zama da'ira cikakkiya. Kwaram-kwaram a hanya mai gargada yawanci murfin sarƙa ne ya lotse. Mutane da yawa sukan cire shi su jefar, alhali a ƙasar rairayi shi ne garkuwar sarƙa, kuma miƙar da shi aikin minti kaɗan ne.

Akwai sauti biyu da bai kamata a kwana da su ba. Na farko shi ne gwaf da ake ji a ƙafa, kamar feda ta ɗan faɗa rami a kowane juyi. A kekuna irin su Phoenix wannan 'yar ƙusar nan ce mai noti da ke ɗaure hannun feda ta saki. Ƙusar ba ta da tsada, amma idan aka ci gaba da hawa a haka ramin hannun zai buɗe, sai an sayi hannun gaba ɗaya. Kuma ba da noti ake jawo ta ba, domin zaren zai tsinke. Ana tallafe hannun daga ƙasa, a buga ƙusar ta zauna, sannan a ɗaure notin. Na biyu shi ne tsallen sarƙa lokacin da aka taka da ƙarfi, a hawan tudu ko da kaya. Wannan yana nufin haƙora sun cinye, kuma shi ne ke kayar da mutum.

Lalacewar sarƙa tana da ma'auni wanda ba ya buƙatar na'ura. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da ta kusa da ita rabin inci ne, don haka a sabuwar sarƙa inci 12 na tef ɗin kafinta zai faɗa daidai kan tsakiyar wata ƙusa. Idan ƙusar ta zarce da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin sauya sarƙa ya yi. Idan ta zarce da milimita uku, sarƙar ta riga ta ci haƙoran faifai. Mutane sukan ce sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen bai miƙe ba, ƙusoshin ne suka zaizaye. Shi ya sa cire gaɓa ɗaya don a ɗame ta ba ya maganin komai. Shi ya sa kuma sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai takan yi tsalle fiye da tsohuwar. Wanda ya sauya sarƙa da wuri ya biya kuɗin abu ɗaya, wanda ya jinkirta zai biya na uku.

A bakin ciniki

Duk wannan ilimi yana da amfani tun kafin a miƙa kuɗi. Mai saye ya kama hannun feda ya girgiza shi gefe da gefe, kada ya ji motsi ko kaɗan. Ya ɗaga bayan keke ya juya wili, ya ga ko yana rangaji, ya saurari tsakiyarsa. Ya jawo sarƙa daga gaban babban faifai, idan ta taso har haƙori ya bayyana, ta gama yayi. Ya dubi haƙoran: masu lafiya suna da faɗi a kai kuma ɓangarorinsu biyu daidai suke, waɗanda suka cinye kuwa sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya. Ya shafa bayan wuyan firam, inda alamar karo ke fitowa kamar tamoji, ya kuma yi zargin duk wurin da fenti ya fi na sauran jiki sabunta. Firam na baƙin ƙarfe idan ya tsage mai walda na kasuwa zai ɗinke shi. Na alminiyam ya fi ƙarfin wannan walda, kuma maganaɗisu yana rarrabe su nan take, domin ba ya kama alminiyam.

Bayan haka sai hawa. Zagaye ɗaya a fili ba ya nuna komai, musamman idan an cusa giris mai kauri don a rufe bakin boris da ya mutu. A hau da nauyi, a nemi tudu ko yashi, a taka da ƙarfi a tsaye. Dillalin da ya hana wannan gwaji ya riga ya ba da amsa. Fiƙihu ya bai wa mai saye damar mayar da haja idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, amma a kasuwar mako, inda mai sayarwa zai iya kasancewa a wani gari gobe, haƙƙin da ke cikin littafi yana da wuyar karɓa. Ya fi sauƙi a tafi kasuwa da mai gyaran da zai riƙa kula da keken, a biya shi ladan wuninsa. A kuma rubuta lambar da ke ƙarƙashin gindin firam a takardar ciniki gaban shaidu, domin a wurin da sata ta yi yawa kayan arha na iya jawo wa mai gaskiya tuhuma. Araha ba ta ado, a nan kuwa har tsada ma ba ta tabbatar da komai.

Abin da masu ja za su ce

Akwai masu ganin cewa wannan ra'ayi yana ɗaure talaka ga fasahar zamanin kakanni. Suna da hujja. Keke mai giya ɗaya yana wahalarwa a cikin yashi, siririyar taya tana nutsewa, kuma keken da nauyinsa ya kai kilo ashirin ba abin wasa ba ne ga yaro ɗan makaranta. Sai dai rabin wannan matsala tana da magani mai arha. Idan babban faifai yana da haƙora 44, ƙarami yana da 18, kowane juyin feda yana tura keke mai inci 28 kimanin mita biyar da rabi. Idan aka sa ƙarami mai haƙora 22, tafiyar za ta koma kimanin mita huɗu da rabi, taku kuma ya yi sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. An rage gudu kaɗan, an samu ƙarfin jan buhu. Haka nan tsohon keken gwanjo mai firam ɗin ƙarfe da faffaɗar taya mai inci 26 yana iya zama zaɓi mai kyau ƙwarai, idan an tabbatar tayarsa tana samuwa, aka kuma mai da shi giya ɗaya ranar da na'urar sauyawa ta gaza. Ba tsufan zubi ake yabo ba. Samuwar gyara ake nema, kuma duk ranar da kayan kekuna masu giya suka wadata a Sabon Birni da Isa, hukuncin zai sauya.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Keke ba ya kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ba ya tsere wa mahara, kuma a al'adar yankin mata da yawa ba sa hawansa. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya gabatar da keke a matsayin madadin tsaro da hanya mai kyau yana yi wa mutanen Gobir izgili. Dubban da suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi tun daga 2019 ba rashin abin hawa ya kore su ba. Amma waɗanda suka zauna suna zuwa gona, suna ɗebo ruwa, suna kai yara makaranta, suna cin kasuwa, kuma kowace naira da ba ta tafi ga fetur ba ta tafi ga hatsi ko magani.

Aikin masu hali da masu iko

A farkon shekarun 2000 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja, inda wata mota ta ture shi cikin kwalbati. Kiran ya mutu saboda wa'azi ne kawai, babu tsarin da zai riƙe shi. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta bi wata hanya a ƙasashe irin su Zambiya, Kenya da Malawi. Ta ƙera keke guda mai suna Buffalo, mai sauƙin zubi, wanda kariyarsa ke ɗaukar kilo 100, sannan duk inda ta raba shi sai ta horar da masu gyara ta kuma buɗe hanyar samun kayan gyara. Darasin a fili yake: ranar rabo ba ita ce ma'auni ba, shekara ta biyu ce.

Saboda haka duk ɗan siyasa, ƙungiyar ci gaban gari ko mai hannu da shuni da ke son tallafa wa malamai, ɗalibai da ma'aikatan lafiya na yankin da kekuna, ya zaɓi samfuri ɗaya, ya ware wani kaso na kuɗin don sarƙoƙi, boris, faifai da tayoyi, ya kuma nemi masu gyaran da ke aiki a garuruwan tun da can ya ƙara musu kayan aiki. Su ne masana'antar da ta rage a wurin, kuma jarinsu bai wuce akwati ɗaya ba.

Ga wanda zai saya wa ɗan'uwansa keke guda kuwa, aikin ya fi haka sauƙi. Kafin ya shiga shago a Sakkwato ko Kano, ya nemi jin ta bakin mai gyaran garinsu: wace taya yake samu, wace sarƙa yake da ita, wane keke ne ya fi daɗewa a hannun mutane. Abin da ya rage daga kuɗin ado ya sayi sarƙa ta biyu, famfo da kayan faci, ya haɗa da keken. Sannan ya gaya wa mai hawa cewa duk sabuwar ƙarar da ya ji, ya kai ta wurin gyara a ranar, tun tana matsayin noti ɗaya ko ɗigon mai, kafin ta zaɓi wurin da za ta tsayar da shi.